Ramin da Ya Fito a Ƙafar Baba

A shekarar da aljani ya kama Mainasara mai wankin kuza, duk Riruwai ta tsorata. Aljanin kuwa shekararsa goma, kuma ba ya son wanke-wanke.

'Yar Mainasara ce. Kullum ita ke kai masa fura bakin rafi, inda yake wuni a sunkuye cikin rana.

Mainasara yana fama da ciwon baya. Yana da gwangwani cike da fararen ƙwayoyi, ya saya wurin wani ɗan koli. Kowace safiya yakan haɗiye biyu.

Ran nan yarinyar ta ga ya miƙe yana nishi. Tausayi ya kama ta. A makaranta kuwa an koya mata shida ta fi biyu. Sai ta fara daka huɗu a ɓoye, tana damawa cikin furarsa.

Ya kurɓa, ya ɓata fuska. "Nonon bana ɗaci gare shi."

"Shanun ne, Baba," in ji ta.

Bayan 'yan makonni, abubuwa suka soma sauyawa. Gwangwani yana raguwa, ba a ga mai taɓa shi ba. Fuskar Mainasara ta kumbura, har ya yi kama da wani mutum dabam. Fitsarinsa ya ragu, ya yi duhu.

Gwaggo Asibi, yayarsa, ta danna ƙwaurinsa da yatsa. Ta ɗauke hannu. Wurin ya loɓa, ya ƙi tasowa.



"Rami," ta ce a hankali. "Irin na bayan dutse."

A bayan dutse akwai tsohon ramin kuza da aka daina haƙa. Ruwansa kore ne, ba ya motsi. Ko akuya ta je bakinsa, sai ta tsaya ta juyo.

"Mai ramin ne ya yi masa alama," in ji Gwaggo. "Shi ke kwashe ƙwayoyin ma."

Ta yi hayaƙi har kaji suka bar gidan. Yarinyar ta tsorata ƙwarai, ta ƙara ƙwaya biyu a fura.

Da Mainasara ya kasa tashi, aka ɗauke shi zuwa ɗakin shan magani. Malam Rufa'i mai ba da magani ya duba ƙafar. Ya girgiza gwangwanin kusa da kunne.

"Nawa kake sha?"

"Biyu, Malam."

"Biyu ba sa cinye gwangwani haka."

"Mai ramin ne," in ji Gwaggo.

"To, a gaya masa ya zo, Iya. Shi ma ƙodarsa tana cikin hatsari."

Yarinyar ta fashe da kuka. "Ni ce! A fura nake sa masa. So nake bayansa ya daina ciwo."

Malam Rufa'i ya tsuguna gabanta. "Yarinya, ƙoda aikin babanki take yi, wato wanki. Tana wanke jini, ta fitar da dauɗa ta fitsari. Ƙwayar nan in ta yi yawa, ga rana, ga ƙarancin shan ruwa, sai ƙoda ta gaji. Ruwa ya taru a jiki. Shi ne ramin da kuka gani."

"Baba zai mutu?"

"Kin faɗa da wuri. In Allah ya yarda zai tashi."

Aka sa Mainasara a motar da ke zuwa Kano. Ya yi wata guda a asibiti, ya dawo da ƙafarsa.

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe, uwata. Sai dai ki nemi gafarar shanun Fulani."

Daga ranar ta gane magani yana da ƙa'ida. Ba a ƙara shi, ba a ba wani a ɓoye, kuma a tambayi masani kafin a sha.

Gwaggo Asibi dai ta ce hayaƙinta ne ya yi aiki. Ba wanda ya yi mata musu. Ita ke raba tuwo a gidan.