Amarya Mai Ƙafa Huɗu

Raihana ta ɗora ƙwaryar gero a ka za ta kai niƙa, ta tsaya bakin zaure ta waiwayo.

"Malam, don Allah ka yi haƙuri da ita. Dabba ce, ba ta san irin shuka ba."

"Ba ta san iri ba, amma ta san inda na ɓoye shi!" in ji mijinta Mode, yana harara wajen turke. "Tahi niƙanki, ki bar ni da ita."

Mode manomin albasa ne a fadamar da ke ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo. Shekara biyu ke nan da aurensu, ba a taɓa jin kansu ba. Abu ɗaya ne ya hana shi sakat a gidan, wata jar akuya da uwar Raihana, Inna Habi ta Boyekai, ta ba 'yarta kyauta ranar biki. Mota ɗaya ta kawo ta ita da Raihana, don haka matan unguwa suka laƙaba wa akuyar suna Amarya. Raihana ta fita daga amarci cikin wata uku, ita kuwa akuya ta riƙe sunan kam.

To wannan Amarya ce ta cinye masa ƙunshin irin albasa, har da ledar. Ya ɗaure ta kwana uku don horo, ita kuma ta kwana uku tana kuka, har kansa ya ɗauki ciwo. Da Raihana ta fita, sai ya fizge igiyar daga turke.

"Amarya, na gaji da ke! Ba ki da aiki sai ci da ɓarna. Na sake ki, tahi gidan da kinka fito!"

Akuya ta dube shi ta ce, "Mee."

"Na ce na sake ki!"

"Mee?"

"Ke kurma ce? Na sake ki!"

Ya saɓi fartanya ya fita ta ƙofar baya ya nufi fadama. Akuya kuwa ko gezau, ta koma inuwa ta kwanta.

Abin da bai sani ba, ranar kasuwar Goronyo ce, kuma surukarsa ta iso da ƙwaryar man shanu, tana bayan katanga tana gyara takalmi. Inna Habi mace ce mai sallah da azumi, ba ta ƙarya. Aibinta ɗaya, in kunnenta ya ji abu ba ta jiran ido. Dama can ba ta so aka ba mai warin albasa 'yarta ba. Ta ƙirga da yatsu, ɗaya, biyu, uku. Ko sallama ba ta yi ba, ta juya sai kasuwa, ta kamo ƙanenta Bube daga wurin awon hatsi, suka ɗauko mota.

Suka tarar da Raihana ta dawo, tana yanka albasar miya, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Wayyo ɗiyata!" Inna ta rungume ta. "Bar kuka, gidan ubanki bai rushe ba!"

"Inna, lafiya? Albasa ce nike yankawa."

"Ji ta, Bube! Har yanzu rufa mai asiri takai. Saki ukku a tsaye, da kunnena na jiya!"

"Wa anka saki? Ni niƙa na tahi!"

"Rufe mini baki! Muryarki ce zan kasa ganewa?"

Ana cikin haka Mode ya dawo, ƙafa duk taɓo. Ganin suruka ya durƙusa ya sunkuyar da kai.

"Ba gaisuwa ta kawo mu ba," in ji Bube. "Kai yaro, ka ce 'na sake ki' a gidan nan yau, ko ba ka ce ba?"

"Na ce, Kawu, amma..."

"Sau nawa?"

"Sau ukku ne, amma ai da aku..."

"Ya amsa!" Inna ta tafa hannu. "A kwashe kaya!"

Aka kwashe gado, aka kwashe kwalla da tukwane, aka jefa akuya a sama. Mode yana bin mota yana rantsuwa da akuya yake, Inna tana cewa, "Kun ji ko? Bayan saki har da zagi, ɗiyata ce akuya!"

A Boyekai Inna ta karɓe wayar Raihana ta ƙulle a adaka, ta ce idda ta fara. Raihana ba ta ɗaga wa uwarta murya ba, don ba a haka aka rene ta ba. Kullum dai maganarta ɗaya ce: "Inna, da aurena." Ta rame, ta bar cin tuwo. Saki uku ba abin wasa ba ne. In ya tabbata, babu kome sai ta auri wani, ita kuwa ta ce gara a binne ta.

Mode ya tura dattawa, aka koro su. Sai ya tafi wurin wani ɗan ajinsu, Barista Shafi'u, wanda bai daɗe da zama lauya ba, mai ɗaura igiyar 'yan boko a wuya ko ana zafin bazara. Shafi'u ya yi dariya har ya faɗo daga kujera, sannan ya share ido.

"Abokina, kes ɗinka mai sauƙi ne. Za mu shigar da ƙara gaban alƙali a tabbatar da aure. Babbar ebidens ɗinmu, wato hujja, akuyar ce, dole kotu ta gan ta."

Nufinsa kotu za ta sa a kawo ta. Shi kuwa Mode, mai gajen haƙuri, bai tsaya tambaya ba. Washegari da rana tsaka ya hau babur sai Boyekai, lokacin da Inna ta tafi gidan suna. Ya tsaya bayan darni ya yi gyaran murya. Raihana ta leƙo. Kwana goma sha ɗaya rabonsu da juna, amma ba wanda ya iya cewa komai sai "Kin rame" da "Kai ma haka." Ya gaya mata abin da lauya ya ce. Ta kwance akuya ta zagayo da ita, ta miƙa masa igiya.

"Kada Inna ta ji ni na ba ka, za ta yi fushi da ni har abada."

"Ko za a yanka ni, ba a ji daga bakina."

Bai kai bakin gari ba Amarya ta ɓare baki a bayan babur. Mutane suka fito da sanduna ana "Ɓarawon akuya!" Allah ya sa mai unguwa yana kusa, aka miƙa shi ga 'yan sanda da kumburarren ido.

Shafi'u ya same shi a bayan kanta ya dafe kai. "Mode! Na ce ebidens, ban ce ka sato ebidens ba! Yanzu kes biyu gare mu. Wa ya ba ka ita? Faɗa mini, in nemi beli."

"Ba kowa."

"Kai, sata fa anka rubuta maka! Gidan yari ne wanga!"

"Na ce ba kowa."

Kwana biyu ya yi a tsare, sauro ya yi walima da shi, bai canza magana ba.

Ranar shari'a kotu ta cika har taga, don labari ya kai Wurno da Rabah. Alƙalin dattijo ne mai farin gemu, ba ya dariya da wuri. Ya ce tunda akuya ɗaya ce a ƙara biyu, zai saurare su tare. Aka ɗaure Amarya a ƙafar benci.

Shafi'u ya miƙe ya fara zuba Turanci. Alƙali ya ɗaga hannu.

"Barista, ajiye wannan. Ni da akuya da surukar nan duk ba mu ji."

Aka kira Inna Habi. Ta faɗi abin da ta ji, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

"Kin ga fuskar wadda anka saki?" in ji alƙali.

"Allah shi gafarta Malam, akwai katanga. Amma Amarya ya ce, amarya nawa gare shi?"

Shafi'u ya juya ya ce, "Amarya!" Akuya ta miƙe zumbur ta kaɗa kunne. Kotu ta ɗauki guɗa.

"Wayon lauyoyi ne!" in ji Inna. "Ni Jar-wuya na san ta. Kuma ai ɗiyata ta ba shi amsa, da kunnena na jiya!"

Alƙali ya gyara zama. "Ta amsa? Mi ta ce?"

"Cikin kuka, abin tausai, tana tambayar laifinta. Ya ce na sake ki, ta ce, 'Me?' Ya sake faɗi, ta ce, 'Mee?'"

Alƙali ya shafa gemu. "Baiwar Allah, ina kinka haifi ɗiyarki?"

"Boyekai, ɗakina."

"Ta taɓa zama Kano?"

"Kano? Ko Sakkwato sau biyu ta tahi!"

"Raihana, in ba ki ji magana ba, ya kike tambaya?"

Raihana ta ce daga cikin mayafi, "Mi, Allah shi gafarta Malam."

"To ni shekarata sittin a ƙasar nan," in ji alƙali, "daga Goronyo har Rabah ban taɓa jin ɗiyar Basakkwace ta ce 'me' ba, ko da daɗi ko da wuya. Masu cewa 'me' iri biyu na sani: Kanawa da awaki."

Kamar an aike ta, Amarya ta ɗaga kai ta ce, "Mee!"

Kotu ta rushe da dariya, har ɗan sanda ya riƙe ciki. Inna Habi ta dubi akuya, ta ce a hankali, "La ilaha illallahu. Ita ce. Wallahi muryar ce."

Alƙali ya kira mai injin niƙa, ta shaida Raihana tana wurinta a wannan hantsin. Ya sa Mode ya yi alwala ya rantse cewa da akuya yake, bai nufi matarsa ba. Sannan ya ce aure yana nan daram.

"Saura sata. Kai Mode, an kama ka da akuya daga gidan da ba naka ba. Wa ya ba ka?"

Mode ya dubi ƙasa. "Ba kowa."

"Ka san abin da wagga amsa za ta ja maka?"

"Na sani."

Sai Raihana ta miƙe. Ta durƙusa, ba gaban alƙali ba, gaban uwarta.

"Inna, ki gafarce ni. Ni na kwance ta, ni na miƙa mai igiya ta bayan darni. Ya yi shiru ne don kada ki yi fushi da ni."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Alƙali ya tambayi Inna ko akuyar wa ce. Ta ce kyauta ta ba 'yarta ranar biki, kowa ya sani.

"To mai abu ta ba da abinta, ina sata? An sallame ka. Amma ka ji ni da kyau, yaro. Kalmar saki wuƙa ce, ba a wasa da ita ko gaban dabba. Ke kuma Inna, gobe in kin ji magana bayan katanga, ki yi sallama."

A bakin kotu Inna Habi ta tsaya ta daɗe tana kallon kumburin idon surukinta.

"Kai wanga yaro, kwana biyu kana tsare don kada in yi wa ɗiyata faɗa?"

Mode ya durƙusa. Inna ta share hawaye da bakin zane, ta ciro wayar Raihana daga lalita ta miƙa mata.

"Tashi ku tahi gida. Man shanun da na kawo muku ya narke, sai wata kasuwa."

"Inna, akuyar fa? Ko za ki riƙe ta?" in ji Mode da sauri.

"Allah shi tsare ni! Ta kunyata ni gaban alƙali. Kai da amaryarka."

Haka Raihana ta koma ɗakinta, ba ta saɓi uwa ba, ba ta rasa miji ba. Ku 'yan mata masu kumbura baki da an taɓa ku, ku duba. Da ta yi tsiwa ko ta gudu, da an ce ai ga dalilin sakin. Haƙuri ne ya riƙe mata auren har gaskiya ta iso. Ku kuma samari, ku san abin da ke fita bakinku, don katanga ba ta tace magana. Iyaye ma ba a bar mu a baya ba, ji ba gani ba ne.

Har yau akuyar tana gidan, ta haifi 'yan biyu, ba ta daina ɓarna ba. Amma duk safiya in Mode zai cire mata igiya, sai ya leƙa bayan katanga tukuna, sannan ya ce da ƙarfi yadda unguwa za ta ji, "Akuya, dabba mai ƙafa huɗu, na kwance ki!"