Kwanon da Ya Dawo da Tsamiya

Can da, a wani gari, an yi wata tsohuwa mai sharar majami'a. A gindin tsamiyar majami'ar kuwa akwai wani mutum, ba gida, ba dangi. Masu ba shi abinci a sakaina suke zubawa, su tura masa da ƙafa. Da ƙafa fa!

Ranar Kirsimeti kowane gida kan kai wa maƙwabta shinkafa a kwano mai murfi, kuma ba a mayar da kwano wayam. Tsohuwa ta ɗauko kwanonta mai kyau, shi ke nan gare ta, ta cika, ta nufi gindin tsamiya.

Maƙwabciyarta ta ce, "Haba Iya! Wannan kwanon? Ko ya dawo, wa zai sake ci a ciki?"

Ta ce, "Ni mana. Yesun da muke wa biki, ɗaki ya samu da aka haife shi?"

Ta je ta durƙusa, ta miƙa masa da hannu biyu.

Da la'asar tsohuwa da maƙwabciyar suna zaune a tsakar gida, sai ga mutumin yana sallama. Ya wanke kwano fes, ya cika shi da tsamiya.

Ya ce, "Iya, shekara tara ban mayar wa kowa kwano ba. Yau na zama maƙwabci."

Maƙwabciyar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tashi ta shimfiɗa masa tabarma.