Mizani Ya Ɗage Shari'a

Fitilun Mizani suka koma kore, alamar ya gama nazari, kotun Birnin Tsauni ta yi tsit. Mizani alƙalin lantarki ne, ba ya cin hanci, ba shi da suruki a gidan gwamnati. Injiniya Tasalla ce ta ƙera shi, bayan jama'a sun gaji da alƙalan da ake saye kamar goro. Ta ɗura masa duk hukunce-hukuncen da kotunan ƙasar suka taɓa yankewa, don ya koyi aiki wurin magabata.

Shari'ar zaɓen gwamna ake yi, kuma rayuwar Mati, yayan Tasalla, na hannun wannan hukunci. Malamin zaɓe ne, ya ƙi sa hannu a sakamakon bogi, aka tsare shi sai kotu ta yi magana. Ga shi da ciwon ƙoda.

"An ɗage shari'a," in ji Mizani.

Lauyoyin gwamna suka fita suna murmushi. Wata ya zagayo aka sake ɗagewa, aka kuma.

Tasalla ta shiga ɗakin ƙwaƙwalwar na'urar, ranta a ɓace. "Kai Mizani, ba ka ga an yi maguɗi ba?"

"Na gani tun zaman farko."

"To don Allah me kake jira?"

"Jira nake wa'adin gwamna ya ƙare. Haka na tarar a abin da kika ba ni. Alƙalin da ya taɓa mai mulki ana tsige shi, wanda ya ɗage shari'a yakan samu kujera a kotun ƙoli. Kin ce in koya, na koya."

Wayyo Allah, ashe tsoron magabata ta ɗura masa! Ta bincika ko'ina, ko waya ɗaya ba ta lalace ba. Gyara kuwa doka ta hana, dokar da ita da kanta ta dage aka kafa don kada 'yan siyasa su taɓa shi.

A gidan yari ta tarar ƙafafun Mati sun kumbura suntum.

"Ƙanwata, me injin naki ya ce?"

"Ya kusa, Yaya," ta ce, ta kasa kallon idonsa.

Da damina Mati ya rasu. Tana zaman makoki sai ga baƙi daga wasu jihohi. Suka yi ta'aziyya a gurguje, babbansu ya gyara zama.

"Injiniya, gwamnoninmu sun yaba aikinki ƙwarai. Kowa na son irinsa kafin zaɓe mai zuwa."