Jar Waya a Gindin Tsamiya

Ku matso kusa, kowa ya yi bismillah a zuciyarsa. Ke Ladidi, janye ƙafarki daga bakin ƙofa. Ban ce wani abu zai ja ki ba, na ce dai ki janye.

A Tudun Gwaza, can bakin fadama, an yi wasu 'yan'uwa biyu masu gyaran wayar mota, Shitu da ƙanensa Namadi. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa. Su kaɗai ne suka rayu cikin 'ya'yan da Inna Gambo ta haifa.

Yawancin aikinsu a kan manyan a-kori-kura ne masu shan gas, waɗanda ke kwaso kifi daga fadama. Motoci ne masu ƙarfin gaske, amma suna da ciwo guda. Akwai wani ɗan abu baƙi, bai kai tafin hannu ba, maƙale a gefen giyabos, can ƙarƙashin mota. Suwicin giya ake ce masa. Shi ke gaya wa mota a wace giya take. In ba a fakin take ba, wato giyar ajiye mota, ko a firi, inda ba ta cikin kowace giya, ko za ka murɗa makulli har hannunka ya sage, ba za ta tashi ba. To wanda ya ƙera motar bai taɓa ganin fadama ba. Ya ɗora abin daidai inda ruwa da taɓo ke dukansa. Damina na sauka sai ya mutu, mota ta ƙi tashi, kifi na ruɓewa a baya.

Sabon suwici sai an aika birni, direba kuwa ba ya jira. Sai ya sami wani mai gyara a hanya, a zare soket, a lanƙwasa 'yar waya a haɗa baki biyu, a naɗe da baƙin tef. Dairek ke nan. Mota za ta tashi kam. Za ta tashi a fakin, ta tashi a ribas, ta tashi a giyar gaba, ko wa ke gabanta ba ruwanta. Wallahi ni in na ji mutum na yabon dairek, raina ɓaci yake yi.

Shitu ba ya yin dairek. Kuma su biyun suna da ƙa'idarsu. Sa sabon suwici aikin mutum biyu ne: ɗaya a ƙarƙashi, ɗaya a kujerar direba yana matsa giya. Wanda ke ƙasa, ransa na hannun na sama. Don haka ba sa barin baƙo ya hau kujera. In Namadi na ƙasa, Shitu ne a sama. Kafin ya taɓa komai sai ya buga diddige a daɓen motar sau biyu, ya ce, "Ƙane, ina muke?"

Wata rana aka kawo wata farar mota tana fizgar giya. Namadi ya tafi tasha karɓo sabon suwici. Direban na ta ƙorafin sauri, sai Shitu ya shiga ƙarƙashi don ya fara kwance na da. Ya ce wa direban ya matsa giya gaba, don notin suwicin ya fito fili. Direban bai faɗa masa an taɓa yi wa motar dairek a wani gari ba. Ya zauna, ya gaji da zama, ya murɗa makulli don ya ji rediyo. Hannunsa ya zarce.

Ko da Namadi ya dawo da kwali a hannu, an riga an rufe Shitu da tabarma.

Inna Gambo ta iso da gudu, tsohuwa, takalmi ɗaya a ƙafa. Ɗayan ya faɗi a hanya, an nema ba a gani ba. Da yamma Namadi ya zare mata ƙaya a diddige, doguwa, ba ta ma san ta taka ba.

Namadi bai yi kuka ba. A maƙabarta bai yi ba, a zaman makoki bai yi ba. Mutane suka yi ta cewa kai, yaron nan akwai tawakkali. Tawakkalin me? Mutum ne aka kwashe masa ciki. Yana cin abinci bai san ɗanɗano ba. Ya ƙone hannu a salansar mota, sai da wani ya nuna masa. Suwicin da ya karɓo ran nan yana cikin jakarsa, ko kwalin bai buɗe ba. Motar kuwa 'yan gwangwan suka saya, suka yanka ta, suka auna.

Kullum da safe Inna za ta tsaya a bakin zaure, ƙafa ɗaya da takalminta, ɗaya da wani tsohon silifa na Shitu.

"Namadi."

"Na'am, Inna."

"Kada ka shiga ƙarƙashi baƙo na sama."

"To."

"Kai kaɗai ka rage min."

"To, Inna."

Yana fita ya manta. Duk wanda ya samu shi yake ɗorawa a kujera, direba ne, ɗan kallo ne. Ba jarunta ba ce. Bai damu ba ne kawai.

Ran da abin zai faru, ya je wani aiki a ƙauye yana dawowa a babur. Rana ta take tsaka. An yi ruwa da safe, ƙasa na tururi. Kun san babu mai bin hanyar tsamiyar fadama a irin wannan lokaci, ko makiyaya zagayawa suke yi. Namadi ya bi, don ta fi kusa.

A gindin tsamiyar akwai farar a-kori-kura. Wani dogon mutum na tsaye kusa da ita, rigarsa na jan ƙasa. Ya ɗaga hannu. Namadi ya tsaya.

"Salamu alaikum."

Mutumin bai amsa ba. Ya ce, "Mai gyara."

"Me ya same ta?"

"Ba ta san inda take ba."

"Suwici ne ke nan."

"Kana da sabo a jaka."

Bai tambaye shi ba, gaya masa kawai ya yi. Namadi ya kafe babur. Ya dafa bonet, sanyi ƙalau, cikin wannan rana. Ya dubi ƙasa. Babu sawun taya a taɓo. Ciyawa ta tsiro ta kewaye tayoyin, ko ɗaya ba ta kwanta ba. Ba kukan tsuntsu, ba kukan kwaɗo. Ya ga duk wannan, kamar yadda mutum ke ganin bango. Ya ɗauki sifana, ya kwanta, ya ja jiki ya shige.

Ga giyabos. Ga tsohon suwici, notinsa ɗaya a kwance rabi, kamar wani ya fara aikin bai gama ba. Ga soket na reto, an cusa masa jar waya an naɗe da tef. Can gefe, a bakin wani ƙarfe, wani ɗan ƙyalle shuɗi ya maƙale. Namadi ya san ƙyallen. Shi ya kai wa tela yadin, aka ɗinka musu rigunan aiki iri ɗaya.

Ya ce a ransa, ita ce. Sai ya ci gaba da kwance noti.

Mai aiki a ƙarƙashin mota ba ya ganin fuska, ƙafa yake gani. Namadi na iya gane duk direbobin garin da ƙafarsu. Ya juya kai don ya ce a miƙo masa jaka. Mutumin ya tattare riga zai sunkuya. Kofato ne. Kofaton jaki, biyu, busassu, ko ɗigon taɓo babu a jikinsu.

Jakar ta turo kanta ta iso gare shi.

"Na gode," in ji Namadi. "Hau ka sa min ita a firi."

Ƙofa ta buɗe, ta rufe. Motar ba ta nutsa ko kaɗan ba, alhali ko akuya ta hau mota sai ka ji. Hannun giyar da ke saman fuskarsa ya motsa, ƙas, ƙas, ya tsaya a firi. Namadi ya zare tsohon suwici. Ya yaga kwali ya fito da sabo. Ya zura shi, ya juya a hankali har layin jikinsa ya yi daidai da layin sandar giya, ya ɗaure. Abin da ya rage kaɗan ne: ya tuge jar wayar, ya maƙala soket a sabon suwicin.

Sai aka buga daɓen motar sau biyu. Ƙarar kofato a kan ƙarfe.

"Ƙane, ina muke?"

Muryar Shitu ce. Har da ɗan shaƙewar nan tasa ta mai yawan cin goro.

Namadi ya sauke hannu a ƙirji. Ya ce, "A firi muke, Yaya."

"Ka gaji."

"Na gaji."

"Ba ka barci."

"A'a."

"Bar wayar nan. Kwanta yadda kake."

Hannun giyar ya sake motsi. Ƙas. Namadi na kallonsa. Ba sai an gaya masa ba, giyar gaba ce. Taya na bayan kafaɗarsa.

"Ba zafi," in ji muryar. "Ni ban ji komai ba."

Aka murɗa makulli zuwa matakin farko. Famfon mai ya soma gurnani can baya. Kun san motar gas ba a tayar da ita nan take, sai an ɗan jira hita ta yi zafi. Wannan ɗan jiran shi ne duk abin da ya rage wa Namadi a duniya.

Kuma gaskiya zan gaya muku, bai ji tsoro ba. Ƙasar na da sanyi a bayansa. Inuwa ce. Ya ji kamar a bar shi haka. Ya san ba Shitu ba ne a sama, ya sani sarai, amma muryar ta yi masa daɗi. Ya lumshe ido.

Yana lumshewa sai ya ga ƙafa. Ba kofato ba. Ƙafar Inna, mai faso, da ramin ƙayar nan a diddige. Ya ga wani ya je kai mata labari, ya yi sallama a bakin zaure. Ya ga ta fito. Daga gida zuwa tsamiya tafiya ce mai nisa, duk ƙaya da taɓo, kuma gudu za ta yi. In ta taka wata ƙayar, wa zai zare mata da yamma?

Tsoro ya shigo gaba ɗaya, kamar an watsa masa ruwan randa. Ya kai hannu, yatsun sun ƙi kama tef ɗin. Ya sa haƙori ya yage, ya fizge jar wayar.

Hita ta yi ƙas. Ta gama.

Ya tura soket. Bai shiga ba, a juye yake. Ya juya shi, ya ce "Bismillahi," ya danna da tafin hannu biyu. Ya ji ya kama.

Aka murɗa makulli.

Shiru.

Aka sake murɗawa. Aka sake. Motar ta san a giya take, ta ƙi.

Can sai muryar ta dawo, amma ba ta Shitu ba ce yanzu. Ba ta ma fito daga sama ba. Daga gefen kunnensa ta fito, daga cikin ciyawa.

"Ashe da sauranka."

Namadi ya mirgina ya fito, yana jan ciki. Ya miƙe ya waiga. Babu mota. Babu dogon mutum. Tsamiya ce kawai, da babur ɗinsa, da sifana a cikin ciyawa, da kwali yagagge. Jar wayar na damƙe a hannunsa. A daidai inda mutumin ya tsaya da farko, an ajiye takalmin mace, wari ɗaya, na roba, ruwan ƙasa. A goge yake tas.

Bai iya tayar da babur ba. Turo shi ya yi har gida.

Inna na bakin zaure, ta rufe masa tuwo da faifai, ita ma ba ta ci ba. Ya durƙusa a gabanta. Ya zare silifan Shitu daga ƙafarta, ya sa mata takalmin. Ya shiga daidai.

Ta dubi ƙafarta, ta dube shi.

"Ina ka samo shi?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai kuka ya fito. Babban mutum, ya kifa goshi a ƙafar uwarsa yana kuka har maƙwabta suka leƙo. Inna ba ta sake tambaya ba. Ta dafa kansa, ta ce, "Yi abinka. Na daɗe ina jira."

Tun daga ranar Namadi bai ƙara shiga ƙarƙashin mota ba sai ya laluba soket ya ga ko akwai waya. Ya sami wani tsohon abokin Shitu suka haɗa aiki, shi kaɗai ke hawa masa kujera. In direba ya ce a yi masa dairek, ba ya musu da shi. Jar wayar nan kawai yake nuna masa, tana rataye a ƙusa a bakin shago.

Ku kuma, kada in ji wani ya bi hanyar tsamiyar nan shi kaɗai da tsakar rana. In kun ga mota a tsaye a wurin, ku dubi ciyawar da ke gindin tayarta kafin ku tsaya. In kuma aka kira ku da muryar wanda kuka binne, ku tuna da wanda ya rufe muku tuwo a gida.

Ku tashi ku kwanta. Ladidi, shigo da takalman nan ciki.