Hanjin Alhaji Ɗanmusa

A kasuwar garin Isa Jamilatu ta fara ganin Shafi'u, a kemis ɗin da yake ba da magani. Kafso ja-da-yalo ta je saye. Ya tambaye ta na wa ne. Ta ce na babanta ne, Alhaji Ɗanmusa na Sabon Birni, wata bakwai barci ya guje shi, kullum sai an fasa masa biyu a fura. Shafi'u ya ce ba zai sayar ba. Ya ba ta lambarsa, ya ce in ta huce ta kira. Kwana uku ta yi ba ta huce ba. A na huɗu ta kira don ta zage shi, hira ta ɗauke su.

Amma akwai Amiru, ɗan kasuwa mai zuwa Maraɗi, shi ma yana sonta. Ya kawo wa Alhaji shayin gargajiyar Sin, ya ce Sinawa sun ce daga ciki barci yake, sai an wanke cikin tas. Alhaji ya sha, zawo ya kama shi, ya ce aikin magani ke nan.

Ranar da Shafi'u ya zo gaisuwa ya ga kwalin shayin a zaure. A gaban dattawa ya ce, "Baba, Sinawa ba su yi ƙarya ba. Amma akwai ƙwayoyin halitta masu amfani a hanjinku, kafso da wankin nan suna ƙarar da su."

Alhaji ya miƙe. "Ɗiyata kaka biɗa ko hanjina?"

Ya kore shi, ya ce Amiru ya turo magabatansa.

Jamilatu ta rubuta wa Shafi'u tana huci: "Wa ka taɓa ji ya ambaci hanjin suruki a zaure? Ka kashe mu."

Ya amsa: "Na yi wauta, Sanyin idona. Amma a bar kafso. Kindirmo safe da marece. In bai yi sauƙi ba, a kai shi asibiti."

Ita ke dama wa Alhaji fura. Ta daina fasa kafso, ta koma dama masa da kindirmo, ta riƙa dafa na'ana'a a madadin shayin.

Bayan mako uku magabatan Amiru suka zo da azahar, suka tarar da Alhaji yana minshari a zaure. Sai la'asar ya farka. Ya ce shayin Sin ya yi aiki, Amiru ya samu mata.

Jamilatu na bayan ƙofa, ranta ya ɓaci. Ta shigo, ta durƙusa, ta zube sauran ƙunshin shayin gabansa, ko ɗaya ba a buɗe ba.

"Baba, ga shayinku. Kindirmo kuka sha. Shafi'u ne ya ce."

Alhaji ya ɗauki ƙunshi ɗaya ya duba. Sannan ya ce, "A kira mini marar kunyar nan."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Alhaji ya dafa kan ango ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Ka sake ambaton hanjina cikin mutane, ka ga abin da za ni yi maka."