Shafin da Aka Liƙe a Taga

Ranar da sanyi ya fara saukowa daga duwatsun Panjshir, Mahtab ta dama fulawa za ta liƙe tagogi da takarda, kamar kowace shekara. Takarda ta ƙare mata. Sai ta buɗe akwatin mahaifinta, Mirza Nazar, ta yago shafuka daga tsohon littafin kamfanin haƙar azurfa, inda ya yi shekara tara yana magatakarda. Kamfani ya daɗe da rushewa, wa zai tambaya?

Mirza ya dawo gab da magariba. Rana na faɗuwa ta bayan tagar, sai ga rubutun hannunsa ya fito ɓaro-ɓaro: "Dost Murad, mahaƙi. Ya gudu." Shayin da aka zuba masa ya huce a gabansa bai taɓa ba.

Ana kiran salla dutse na farko ya faɗo tsakar gida. Baƙi ne, mai nauyi, da jijiyar azurfa a jikinsa, irin wanda ba a samu sai a can cikin rami. Kwana uku ana wannan jifa, kullum da almuru. A na huɗu Mahtab ta zauna ƙarƙashin tagar, ta shiga ƙwanƙwasa ƙasa da yatsa, uku-uku, yadda mahaƙa ke yi in rami ya rufta da su. Yarinyar da ko bakin rami ba ta taɓa gani ba! Mirza ya san wannan ƙwanƙwasa sarai, don ya ji ta shekara ashirin da biyu da suka wuce, kuma ya kama bakinsa tun daga ranar.

Aka kira Mulla Burhan, dattijo mai ilimi wanda ba ya gaggawa. Ya yi mata karatu mai tsawo, sannan ya ce wa aljanin da ke jikinta, "Kai wane ne? Me yarinyar nan ta yi maka?"

Murya ta fito daga bakinta, kakkaura, kamar daga rijiya. "Ba ta yi mini komai ba. Ramin nan gidana ne tun kafin mahaƙa su zo. Ni na zauna da Dost Murad har ransa ya fita. Tambayi mai alƙalamin can, ina ya gudu?"

Mirza ya ji kunya ta rufe shi har wuya. "Mai kamfani ne ya ce in rubuta haka, Mulla," in ji shi. "Wai in aka rubuta mutuwa, hukuma za ta rufe ramin."

"Hannunsa ne ya riƙe alƙalamin, ko naka?" aljanin ya tambaya. Mirza ya sunkuyar da kai.

Mulla ya ce, "Faɗi buƙatarka, ka saki baiwar Allah."

"Yarinyar nake so, madadin mutumin."

"Wannan kam ba ka isa ba."

Can muryar ta ce, "To ya gyara kalmar. Ya ɗauki shafin da hannunsa ya kai wa matar mamacin. Ba aike ba."

Mirza ya yi rantsuwa zai kai. Mahtab ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta ce, "Baba, me ya same ka kake kuka?"

Da safe ya ɓamɓare shafin, ya soke kalmar, ya rubuta "Ya rasu a rami." Ya haura gangara zuwa gidan Sabzagul, matar Dost Murad. Ya same ta tana tsince busassun 'ya'yan itace a faifai, ta tsufa, gani ya yi ƙasa. Ya durƙusa ya faɗa mata komai, bai rage ba.

Ta daɗe tana shafa takardar da yatsunta, ita da ba ta iya karatu ba.

"Ashe bai guje ni ba," ta ce a hankali. Sannan ta ɗago. "Kai ka soke taka, Mirza. Ni kuma da nake tsine masa kowace asuba, shekara ashirin da biyu, a wane littafi zan je in soke tawa?"