Injin Da Ba A Yi Wa Godiya Ba

Magariba ta kawo jiki a garin Hamamatsu. Shigeru da 'yarsa Fumie suna cin shinkafa da gasasshen kifi, sai wani amo ya taso daga ɗakin da yake gyaran injinan kiɗa. Amo ne mai taushi, kamar goge masu yawa ana jan su a tare, yana kumbura yana lafawa. Shigeru ya ajiye kwanonsa, don ya san muryar. Tsohon injin kiɗa ne mai kwaikwayon goge, wanda ya farke wa ciki kwanan baya, ya ƙwaƙule kayansa ya gyara wani da su, ya jingine gangar jikin a bayan ƙofa, ko wayar wuta babu.

Kowa a garin ya san kayan aikin da ya tsufa a hannun mutane haikali ake kai shi, a gode masa kafin a rabu. Shigeru ya sani sarai. Amma gwanin da ke saita muryar inji da kunne kawai, ina zai tsaya wa camfi?

Washegari ƙusoshi suka fara zuba a kan rufi. Kafin mako ya zagayo Fumie ta daina magana. In ta buɗe baki amon nan ne ke fitowa, dogo, babu numfashi a tsakani. Tsoro ya kama Shigeru, ya je ya ɗauko Iya Kinu, tsohuwa makauniya mai magana da abin da ba a gani.

Ta durƙusa kan tabarma, ta kunna turare. Sannan ta ce, "Wane ne a jikin yarinyar mutane?"

Bakin Fumie ya motsa, muryoyi da yawa suka fito a haɗe. "Ubanta ya san ni. Shekara da shekaru duk muryoyina na kuka a cikina ba hutu, makaɗa su danna maɓalli su buɗe wadda suke so. Ko sannu ban samu ba. Ya yanke min maƙogwaro, na ɗauki na 'yarsa."

"Gobe za a kai ka haikali, a gode maka."

"Godiya bayan yanka? Haba Iya, ai ta yi sanyi."

"To me kake so?"

"Kunnen da ya saurare ni, ya ji lafiyata ƙalau, ya kuma sa almakashi."

Shigeru ba shi da wata sana'a sai wannan kunne. Ya dubi 'yarsa, wuyanta duk jijiyoyi sun tashi. Ya kifa goshi a ƙasa.

"Ɗauka. Ka sakar min yarinya."

Amon ya janye a hankali, yadda irinsa ke yi bayan an ɗaga yatsa daga kan maɓalli, har ya ɓace. Fumie ta yi ajiyar zuciya, ta buɗe ido.

"Baba, ƙishi nake ji."

Shigeru ya ga leɓɓanta sun motsa. Ya juya wajen tsohuwar, hawaye na zuba.

"Iya, me ta ce?"